Kawu a Kujerar Baya

Daga Allah muka zo, wurinsa kuma za mu koma. Ranar Laraba bayan la'asar muka kai Kawu makwancinsa a Bagudo, yayan mahaifiyata, bakaniken ƙasan mota. Na zauna rubuta wannan ne don na lura ba a daɗewa ana tuna bakanike. Mutum ya yi shekara arba'in kwance ƙarƙashin motocin jama'a, amma da zarar an sami wani mai riƙe sifana, shi ke nan an wuce wurin.

Kwana ukun zaman makoki, tashar Bagudo kamar an share ta. Direbobi ba mutanen zama wuri ɗaya ba ne, amma sai ga su jere a kan tabarmi, na Illo da na Kaoje da na Tsamiya, har da waɗanda suka tsallako daga Benin da motocinsu masu baƙuwar lamba, suna gaisuwa da Dandanci suna haɗawa da Hausa. Wani tsohon direban Illo da ido ya raba shi da tuƙi ya zauna kusa da ni yana ta murza gwiwa.

"Wanga bawan Allah ko takarda bai karantawa," in ji shi, "amma in yaz zauna bayan motarka, sai shi gaya maka ramin da kah hwaɗa makon jiya."

Aka ɗan yi dariya, irin dariyar gidan mutuwa wadda ba ta kai ko'ina. A cikin gida kuwa wata tsohuwa mai sayar da bandar kifi ta zo tun daga bakin Kwara, ta yi kuka har matar Kawu ce ta koma tana ba ta haƙuri.

Kafin a yi masa salla liman ya juyo ya ce duk wanda mamacin ya taɓa ɓata wa rai ya yafe masa. Sahu ya ɗauka, "Mun yahe, mun yahe." Ni na buɗe baki na kasa. Ba ni da abin da zan yafe wa Kawu. Ni ne na faɗa masa maganar da ba a faɗa wa uba, a gaban mutane, kuma tun daga ranar abin da nake nema a duniya shi ne in ji ya ce ya yafe mini. Duk wanda ya riƙe hannuna ya ce in yi haƙuri, wannan nake tunawa.

Kawu ba ya taɓa inji. In ka kawo masa mota tana tari ko tana hayaƙi, zai nuna maka gareji na gaba da haɓa. Aikinsa sifirin ne da shokozoba da robobi da duk abin da ke tsakanin taya da jikin mota. Garejin nasa inuwar dalbejiya ce guda biyu a bakin hanyar tasha, da wani ɗan ɗakin kwano inda yake tara ƙarafa. Kuma ba ya fara aiki da jak kamar sauran. Tambaya yake fara yi, irin ta mai magani.

"Ina take bugun ka? Ga hannu, ga ƙahwa, ko ga ƙugu?"

In direba ya tsaya kame-kame, sai Kawu ya cire takalmansa ya ajiye a gindin bishiya, ya buɗe ƙofar baya ya shiga, ya dasa tafin ƙafarsa a ƙasan motar, ya ce a ja. Ba ya zama gaba ko da mai motar ya roƙe shi. Cewa yake direba yana da sitiyarin riƙewa, shi ya sa ba ya jin rabin wahalar da yake ba mutane. Za a tafi da shi har gadar Tuga a dawo, idonsa a rufe, mutanen hanya suna zaton barci yake. Yana sauka zai nuna taya ɗaya ya ce a ɗaga nan. Ban taɓa ganin an ɗaga an tarar da lafiya ba.

Ita waccan tsohuwa mai kifi, ga yadda suka haɗu. Akori-kurar da ke kai mata kaya kasuwa ce ta riƙa farfasa mata banda, kwando ya isa rabinsa gari. Direban ya ce hanya ce, ita kuma ba ta da wata motar. Ta zo garejin Kawu da kanta, mace a cikin maza, ta zazzage masa garin kifi a gabansa ta ce ya duba. Washegari ranar kasuwa aka ga Kawu zaune a bayan akori-kura a tsakiyar kwanduna, ba takalmi, ƙudaje suna binsa. Ya dawo ya zare wa motar ganyen sifirin guda ɗaya da wani ya ƙara mata don ɗaukar siminti. Kwana uku matarsa tana wanke rigar, kuma har ya rasu direbobi in suna son tsokanarsa sai su tambaye shi nawa kwando yau.

Shi ma gwanin tsokana ne. Ni Direban Inna yake kirana tun ina tura kwankon sardin a ƙasa. Da na girma na fara tuƙi, in na ci birki da ƙarfi a gaban garejinsa sai ya ɗaga murya ya ce a kawo ruwa, jirgin sama ya sauka.

Akwai abu ɗaya da ba a yi masa wasa da shi, kowa a tasha ya sani. A shekarun baya Kawu ne gwanin ɗaga mota a duk yankinmu. Masu fasa-ƙwauri sukan kawo masa doguwar mota, ya cire mata sifirin nata ya sa mai kauri, ya sa doguwar shokozoba, bayanta ya ɗage sama. In an loda mata jarkokin fetur ko buhunan shinkafa sai ta sauko ta daidaita, ta wuce kamar ba ta ɗauke da komai. Mota ta ƙarshe da ya ɗaga ta ɗansa na fari ce. Ta kife da fetur a hanyar daji wajen iyaka, wuta ta tashi, abin da aka kawo gida a tabarma ba a bar uwar ta gani ba. Tun daga ranar Kawu bai ƙara ɗaga motar kowa ba, bai kuma ƙara ambaton sunan yaron a gaban mutane ba.

To, ni kuma da Allah ya ba ni tawa motar, sai ya ba ni irin waɗancan. Tsohuwar doguwar mota ce da ta gama yawon daji, injinta lafiya lau, amma in ba kaya bayanta a ɗage yake kamar kaza mai kiwo. Fasinja nake ɗauka daga Bagudo zuwa Illo, wani lokaci Koko ko Jega. Lokacin an ƙaddamar da Shari'a ba da daɗewa ba, an rufe gidajen giya, kuma kowa ya san inda masu sha suka koma samowa. Duk motar da aka gani da ɗagaggen baya, da can fetur ake zargi, yanzu har da kwalabe. A kowane shinge sai an sauke mini fasinja an ɗaga kujeru an ƙwanƙwasa ƙofofi. Ba a taɓa samun ko allura ba, amma mai zuwa kasuwa ba ya son a tsayar da shi a rana. Dattawa suka fara wuce motata su shiga ta baya. Ranar da wani malamin unguwarmu ya sa ƙafa ɗaya a ciki, ya leƙa bayanta, ya janye ƙafar ya ce zai jira wata, ranar na kasa cin abinci.

Na tafi wurin Kawu na ce ya yanke mini sifirin ta sauko. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya leƙa ƙasa.

"Ba ni yanke sihirin," in ji shi. "Nata na asali za a nema a mayar mata, da shokozoba gajera. Ka ba ni lokaci, in sa a duba min Kamba ko Jega."

"Har yaushe, Kawu?"

"Har ran da anka samu."

Na jira mako biyu na koma, ya ce ba a samu ba. Na sake komawa ranar wata Juma'a da hantsi, garejin cike da direbobi ana shan shayi. Da safen nan an sauke mini kaya sau uku kafin Illo, raina a ɓace yake. Ya ce in ƙara haƙuri, Direban Inna, mota ba riga ba ce da za a rage mata tsawo da almakashi. Aka yi dariya. Dariyar ce ta ɗebe ni.

"Kai da kaɗ ɗaga rabin motocin hwasa-ƙwaurin ƙasag ga," na ce, "yau kai ka tsoron taɓa sihirin? Ai mun san aikinka, mun ga inda yak kai mutane."

Ban gama rufe baki ba na san abin da na yi. Wani ya ajiye kofin shayinsa a hankali. Kawu bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba, da ma ya yi. Ya dube ni kawai, sannan ya kwanta ya koma ƙarƙashin motar da yake gyara. Na tsaya ina kallon tafin ƙafafunsa, sannan na shiga motata na ja.

Mai hankali da yamma zai je gida ya durƙusa. Ni washegari na tsallaka Benin, wurin wani mai walda da ba ya tambaya. Ya kunna wuta ya datse zobe biyu a kowane sifirin na baya, ya datse ɗaya-ɗaya a gaba wai don ta daidaita. Kafin azahar mota ta kwanta ƙasa, gwanin kyau. Na shigo Bagudo a hankali, na bi ta gaban garejin Kawu da gangan, har da ɗan hon.

Maganar shinge kam ta ƙare, hannu kawai ake ɗaga mini. A cikin gari ma, kan yashi, lafiya lau take tafiya. Amma ranar farko da na hau kwalta da cikakken lodi na ba ta wuta, sai na ji kamar an ɗaga ta an buga da ƙasa. Duk ɗan faci, duk ɗan kwari, sai ta yi dum, haƙoran mutum su haɗu. Wata mata a baya ta ce in tsaya ta sauka, ita ba ta shirya haihuwa yau ba.

Nan na fara yawon neman magani, ko'ina ban da inuwar dalbejiya. A Koko aka ce tayoyi ne, na canza biyu. A Jega aka ɗora su a inji aka manna musu dalma. Wani ya ce shokozoba ta mutu, na sa sabuwa irin wadda na tarar, doguwa, ba ta yi wata biyu ba ta fara zubar da mai. Mai faci ya ce in ƙara iska, na ƙara, abin ya ƙaru. Tayoyin gaba suka riƙa cinyewa ta ciki, wajensu sabo fil. Fasinja suka sa wa motar suna Turmi. In ana lodi sai ka ji ana tambaya, "Turmi ta a layi? To mu jira."

Kusan shekara muka yi a haka. Kawu bai daina amsa sallamata ba, shi ba mai ƙaurace wa Musulmi ba ne. In mun haɗu a masallaci ko gidan suna zai miƙo hannu ya ce, "Malam, an wuni lahiya?" Malam. Ni da ya goya. Da ya tofa mini yawu da ya fi mini sauƙi. Sau da yawa nakan shirya maganar tun daga gida, in taho har kusa da garejin, sai in hango direbobi zaune in wuce. A gaban mutane na yi laifin, amma ina jin kunyar neman gafara a gabansu. Inna ta yi mini faɗa har ta gaji. Ta ce da ni, "Ɗan'uwana ba shi da lahiya, kai kaɗai na ba ka gani ba."

Gaskiyarta. Ya rame, yana tafiya a sunkuye, ciwo ya kama masa ƙashin baya da mara. Ya daina shiga ƙarƙashin mota, sai dai ya zauna a benci ya nuna da sanda. Da damina ta ja baya fitsari ya tsaya masa, aka ce sai babban asibiti a Birnin Kebbi, kuma ba zai iya zama ba, sai a kwance. A duk dangi motata ce kaɗai ake kwantar da kujerunta mutum ya miƙe. Inna ta aiko aka kira ni da sassafe. Ba ta tambaye ni ba, cewa ta yi in kawo mota.

Muka shimfiɗa katifa a baya, maza huɗu suka ɗauko shi. Matarsa ta zauna a gefensa da buta da ƙullin kaya. Bai dube ni ba. Na lura dai da ya kwanta ya miƙa ƙafa ɗaya ya dafa tudun da ke kan tayar baya, na ɗauka neman sauƙi yake.

Na fita gari kamar mai ɗauke da ƙwai. Amma tafiyar da nisa, ga rana tana ɗagawa, ga mutum yana nishi, dole na ɗan taka. Karo na farko da ta buga na ji ya ja numfashi ta haƙora. Na biyu matarsa ta yi salati. Gumi ya jiƙa mini riga. A raina ina cewa yau ga abin da na yi da hannuna yana dukan Kawu a ƙashin baya, kuma ba ni da wata hanya sai gaba.

Sai na ji muryarsa, ƙasa-ƙasa.

"Ƙara wuta."

Na zaci so yake mu isa da wuri, na ƙara. Ta buga.

"Sassauta. Ga hwaci can gaba. Taka shi da ƙahwar dama kaɗai."

Nan na gane abin da yake yi. Na ce, "Kawu, don Allah..."

"Taka shi, nic ce."

Na taka. Motar ta yi dum, shi kuma ya yi wani ƙara da ban taɓa jin babban mutum ya yi ba. Matarsa ta fashe da kuka ta ce, "Malam, kashe kanka za ka yi saboda ƙarhe?" Bai kula ta ba. Da ya sami numfashi ya ce in nemi wani facin in taka da hagu. Na taka da hagu, hawaye suna hana ni ganin hanya.

Bayan mun wuce Kende ya ce in tsaya a wata inuwa. Na buɗe ƙofar baya, yana kwance idonsa a rufe, leɓensa ya bushe.

"Sitiyari na rawa ga hannunka?"

"A'a."

"To mi yas sa kac canza taya? Ciwon taya ga hannu shika zuwa. Wanga ga ƙugu shike. Kwanta ka leƙa bayan tayar dama. Akwai roba baƙa bisa, kamar kan taɓarya. Sa hannu tsakaninta da ƙarhen ƙasa. Yatsa nawa ka shiga?"

Na kwanta a ƙasa na sa hannu. "Ko ɗaya, Kawu."

"Hagu hwa?"

"Ɗaya, da ƙyar."

"Huɗu ya kamata. Robar ta tsage?"

"Ta tsage. Ƙarhen wurin har ƙyalli shikai."

"To ka gani. Motarka ba bisa sihirin take tahiya ba, bisa roba take zaune. Cikin gari ba ta neman wurin lotsawa, shi yas sa ba ka ji. In ta hau kwalta da gudu ta nemi wuri ta rasa, sai ƙarhe shi bugi ƙarhe, mutane su sha." Ya tsaya ya huta. "Da wuta anka yanke?"

"Da wuta."

"Na ji. Wuta ta kashe ƙarhen, dama ta hi hagu mutuwa. Kuma sihirin mai kauri in ka rage shi ƙara tauri shikai. Shokozoba doguwa kuma ka dunƙule ta wurin gajera, dole ta hwashe. Rage iskar tayun baya kaɗan, mu samu mu isa."

Na sami tsinke na rage iskar. Ina tsugune a wurin ya ƙara magana, ba tare da ya buɗe ido ba.

"Sihirin nata na nan ɗakin kwano, bayan ƙohwa, cikin buhu. Huɗu, da shokozoba. Kwana tara bayan ranar nan anka kawo min su daga Kamba."

Kusan shekara ina yawo gari-gari ana yi mini dariya, ina jijjiga tsofaffi da masu ciki, abin yana bayan ƙofa a cikin buhu. Bai aiko mini ba, ni ma ban je ba. Na rarrafo na durƙusa a bakin ƙofar motar, na kama ƙafarsa.

"Kawu, maganar da niy yi ranar nan..."

Ya janye ƙafar kaɗan. Ba da fushi ba, ina zaton ciwo ne ya sa shi. "Ba bisa hanya ba," in ji shi. "Wagga magana ta gida ta. Bari sai mun koma gida."

Na so in dage. Amma ga mutum cikin azaba, ga rana, ga matarsa tana kallona. Na rufe ƙofa na tada mota.

A asibiti aka sa masa roba, fitsari ya fita, ya sami barci. Washegari har ya sha kunu, ya tambayi matarsa ko an ba awaki ruwa. Na zauna a bakin gadon ina jiran ɗakin ya rage mutane. Sai ya juyo ya dube ni sosai, karo na farko tun ranar Juma'ar nan.

"Zaman mi kakai nan? Likita kake?"

"Ina jiran a sallame ka, Kawu."

"Cikin waccan za ka mai da ni? Tashi ka tai gida ka sa mata ƙahwahunta. Na baya da na gaba duka. Robobin ma ka canza. In ka gama ka kai a daidaita tayun gaba, ka ɗauki mutum shi zauna baya ku gwada. Sannan ka zo ka ɗauke ni."

Na ce zan tafi in ya ƙara samun sauƙi. Ya ce yanzu. Na duba fuskar matarsa, ta yi mini alama in bi maganarsa. Na tashi ina murna, Allah ya sani, don a ganina wanda ya aike ka bai yar da kai ba. Na ce a raina kwana biyu ne, in dawo da shi a kan katifa ba ko girgiza, in shigar da shi ɗakinsa, in durƙusa in faɗi maganata har ƙarshe.

Buhun yana inda ya ce. Ya shafe kowane sifirin da baƙin mai don kada ya yi tsatsa, ya ɗaure na gaba daban, na baya daban. Na yi aikin a ƙarƙashin dalbejiyarsa, da jak ɗinsa, direbobi biyu suna taya ni, ba wanda ya tambaye ni komai. Yini guda da rabi muka yi. Da muka sauke ta na sa hannu ƙarƙashin robar, yatsu huɗu suka shige. Na ɗauki tsohon direban nan na Illo a baya muka je gadar Tuga muka dawo. Ya sauka ya ce, "Yanzu kam mota ta."

Ranar Laraba na yi sallar asuba na kama hanya. Na isa asibiti da hantsi, na shiga ɗakin da saurina, makulli a hannu. Gadon an cire masa zane. Matarsa tana zaune a ƙasa a baranda, ƙullin kayansu a gabanta a ɗaure. Ta ce bayan an idar da sallar asuba ne ya cika, bai wahala ba. Na tambaye ta ko ya bar magana. Ta ce ya yi kalmar shahada. Na ce bayan wannan fa, bai ce komai a kaina ba? Mace ce da ba ta iya ƙarya ba, ko irin wadda ake yi wa mai kuka.

"Jiya da maraice ya tambaya ko ka zo," in ji ta. "Nic ce tukuna. Shi ke nan."

Muka kwantar da shi a kan katifar nan, an naɗe shi da zane da tabarma. Ita ta zauna gaba. Motar ta hau kwalta tana tafiya sumul, faci ya zo ya wuce, kwari ya zo ya wuce, ko butar da ke ƙasa ba ta motsa ba. Ban taɓa tsanar lafiyar mota ba sai ranar. Na riƙa duba madubi, ban san me nake nema ba.

Tun da aka yi rasuwar mutane suke ba ni baki. Inna ta ce mutumin da ya taka faci da ƙashin bayansa saboda kai, me kuma kake so ya ce? Liman ya ce in yawaita yi masa addu'a da sadaka, ina yi. Na san duk gaskiya suke faɗa. Amma ni kunnena bai ji ba, kuma shi da bakinsa ya ce akwai maganar da za a yi, ba a yi ta ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da ɗansa a inda ba wuta. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, in ya ga dama ya sa ni.

Da muka iso ƙofar gida a ranar, maza sun riga sun taru, an kawo makara. Na kashe mota. Kafin su ƙaraso na zagaya na buɗe ƙofar baya, na durƙusa a ƙasa, na kama ƙafarsa ta cikin tabarma.

"Kawu, mun iso gida," na ce. "Ka yahe min."

Matarsa ta fito ta tsaya a kaina. Ta bar ni na ɗan jima, sannan ta dafa kafaɗata.

"Tashi, ɗana," in ji ta. "Ba su hanya. La'asar ta yi."